Tsumman Ladidi

"Sakar mini zane, Turai!"

"Ba zan saka ba. Bara za ki ko biki?"

Turai ta dangwala gefen zanen cikin toka, Ladidi ta fizge ta kakkaɓe kamar an zuba mata garwashi. Ɗakunansu a jere suke, a wani gidan haya a Unguwar Kanawa. Turai a bara ta tsufa, ta san harkar kamar yunwar cikinta. Ladidi kuwa wankau ta yi wa matan ma'aikata a Malali har ƙarfi ya ƙare, ciwon suga ya buɗe mata miki a cinya. Nasiru mai kemis ya ce in ba a yi allurai ba, ƙafar ce za ta tafi. Shi ne ta fara bin Turai bakin masallacin Juma'a. Amma fa da mayafi wankakke, ya sha guga, har da kwalli.

Wa zai ba ta? Masu mota su dube ta, su miƙa wa na gefenta. Wata Hajiya Aziza, wadda Ladidi ta wanke wa 'ya'yanta kashi tun suna jarirai, ta sauke gilashi ta ce, "A'a, Baba Ladidi! Kina nan fes abinki, ma sha Allah. Wa kike jira?" Ta miƙa wa Turai ledar shinkafa da nama, ta ja mota.

Turai ta cinye naman, ta tura mata sauran.

"Kin gani? Ba mai jin yunwar cikin wani, sai abin da ido ya gani. Ke Allah ya ajiye miki jari a cinya, kina rufewa. Ni da na samu irinsa, da tuni na yi rufin kwano a ƙauye."

"Tsiraicina ne, Turai. Ko mijina Malam Idi, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ganin wurin nan da rana ba."

"To Malam Idin ya taso ya saya miki allura."

Aka yi ta haka, har wari ya fi ƙarfin turare. Ran nan Ladidi ta zauna a bakin masallaci, ta ja mayafi ta rufe fuska ruf, ta ɗage zane. Turai ce da hannunta ta kwance tsumman da ke ɗaure da mikin, ta ɗaga murya, "Bayin Allah, ku dubi baiwar Allah!"

Sai ga hannuwa. Maza na toshe hanci da hagu, suna jefowa da dama. Wani mai farar shadda ya durƙusa da waya yana ɗauka, yana cewa, "Mama, ɗan ƙara ɗagawa." Hajiya Aziza ma ta jefo, ta ce subhanallahi, ba ta ma gane ko wace ce ba.

A cikin keke mai ƙafa uku, a hanyar gida, bakin Turai ya ƙi rufuwa. "Ba na gaya miki ba? Gobe sai allura!"

Da suka isa gida Ladidi ta ɗebi ruwa ta yi ta wanka har sabulu ya ƙare, ta kwanta, ta juya fuska bango. Nasiru ya zo duba mikin da allurarsa, ta ce ba mai sake ɗaga mata zane a duniya. Turai ta yi zagi, ta yi lallashi, ta dama koko ya huce a kofi. Ranar Talata da hantsi ta taɓa ta, ta ji sanyi.

Mata masu wankan gawa suka tattara tsummokaran za su ƙona. Turai ta ce su bari, ita za ta ƙona, haƙƙin maƙwabtaka ne. Kuka kuwa ta yi shi, na gaske, kada wani ya ce ba ta yi ba.

Juma'ar da ta zagayo, sai ga ta a gurbin Ladidi. Ta miƙe ƙafarta mai lafiya, naɗe da tsumman nan, ko ruwa bai gani ba. Liman bai hau mumbari ba tukuna, motoci sun fara tsayawa. Ƙudaje suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya. Ta harɗe hannuwa a ƙirji, ba ta kore su ba.