Ni Ce Bakin Ratsa-Bango

"Ba zan faɗa ba, Ajidan."

Ya ɗago kai daga kan tabur ɗinsa na rubutu ya dube ni kamar bai ji da kyau ba. Ajidan Mumuni shi ne sojan da aka ba riƙon gidan samariya, wato na ƙungiyar matasa, a unguwar Harobanda ta ƙetaren kogi, da zangon 'yan gudun fari da ke bayansa. Ni kuma a ƙarƙashinsa nake aikin bautar ƙasa, wanda ake sa duk mai karatu ya yi kafin a sake shi.

"Madmazal Balki, ba shawara nake nema ba."

"Na sani. Ni ma ba shawara na ba ka ba. Cewa na yi ba zan faɗa ba."

A shekarar tamanin da biyar ne, shekarar da kogi ya janye har mutane suna ƙetare shi da ƙafa a ƙarƙashin gada. Daminar da ta wuce ba ta ba da komai ba. Mutanen ƙauye sun cika bayan gidan samariya da bukkokin kwali da na tsumma, suna jiran tiyar jar dawa da ake auna musu in an ga dama. A tsakiyar filin gidan akwai tele cikin kejin ƙarfe, a kan ginshiƙi, da batirin mota a gindinta. Gwamnati ta sa ta don a saurari labarai. Ba don labarai ake zuwa ba. Ran Alhamis bayan magariba ake zuwa, don mutumin da ke ratsa bango.

Wani mai gyaran agogo ne a wani birnin Turawa, siriri, ana raina shi. In ya sa shuɗiyar rigarsa mai rawayar da'ira a ƙirji, sai gini ya zame masa kamar hayaƙi. Sunansa na Turawa bai zauna a bakin kowa ba, ni na raɗa masa Ratsa-Bango, sunan ya bi gari. Kafin a ankara masu taksi sun rubuta shi a bayan motocinsu. Yara suna ɗaura leda a wuya su ruga su bugi katanga, su dawo da ƙulu a goshi. Mahaifina, Malam Illo tela, ya bar ɗinkin manyan riguna tunda ba mai kuɗinsu, ya koma ɗinka ƙananan shuɗayen riguna masu da'ira. Su suka riƙe mana gida a waccan shekara.

Faransanci ake yi a fim ɗin, kuma a cikin masu kallo ba su fi a ƙirga ba waɗanda suka taɓa shiga lakwal, makarantar boko. Aikina shi ne in tsaya a gefen tele a kan benci, in zama bakin kowa. In mugu ya yi magana in kumbura murya, in yarinya ta yi kuka in yi, in juya da Hausa in ƙara da Zabarmanci ga na gefen hagu. Na iya aikin, ba zan ɓoye ba. Tun ina lise, babbar sakandare, nake sayen tsofaffin littattafan zane na labarin a bakin kasuwa, masu yagaggen bango, na san shi tun kafin ya hau tele. Mutane ba sa cewa Ratsa-Bango ya ce. Cewa suke Balki ta ce. Akwai wata tsohuwa, Inna Madina, daga wajen garin Tawa, wadda shanunta suka ƙare a hanya kuma yanar ido ta rufe mata gani. Kullum a gindin bencina take zama, tana jan bakin zanena. "Ɗiyata, mi ya ce? Haka ya ce?" Sai na ce mata i, sannan ta yi dariya ko ta yi tsaki.

Alhamis ɗin da ta wuce an yanke fim a mugun wuri. Yunwa ta shiga birnin, mai birnin ya kulle hatsi a wani ƙaton gida, mata da yara suna tsaye a waje, Ratsa-Bango ya sa tafin hannunsa a jikin bangon. Nan aka tsaya. Da safe aka ga matan zango sun je magazar ajiyar hatsi da ke ƙarshen filinmu, suna ɗora tafin hannu a bangonta suna dariya. Dariya ce kawai. Amma Ajidan ya gani ta taga, ya kira ni ya tambaye ni yadda labarin zai ƙare, ni kuwa na gaya masa: zai shiga, ya buɗe ƙofa daga ciki, kowa ya ɗiba.

"To ki ce musu hatsin ya lalace," in ji shi. "Ki ce guba ce a ciki, mai birnin don ya tsare ransu ya kulle. Ki ce mutumin naki ya yi kuskure."

"Za su ga mutane suna ci suna murna."

"Ki ce daga baya sun mutu."

Na yi dariya, ban so ba. Shi bai yi ba.

"Kina tsammani ban san abin da ke cikin magazar nan ba? Buhu kan buhu. Makulli yana aljihuna, umarni yana Filato, wajen ofisoshin manya, kuma bai zo ba. In matan nan suka taso, ina da samari masu bindiga, su ma ba su ƙoshi ba. Wa zai tsaya a tsakani? Ke?"

"Ka kashe telen mana."

"In kashe abin da manya suka kunna? Kuma in bar mutum dubu a zaune cikin duhu da haushi?" Ya jawo wata takarda ya ajiye a gabana. Shaidar kammala aikina ce, wurin sa hannunsa a buɗe. Na sami gurbi a Dakar in karanta haɗa magani, da bursu, wato kuɗin tallafin karatu, da komai, amma ba a barin ɗalibi ya fita ƙasar waje ba da wannan takarda ba. "Magana kaɗan ce, Madmazal. Ki faɗe ta ki tafi ki ga teku."

Nan na ba shi amsar da na ba shi. Ya mayar da takardar cikin aljihun tabur, ya ce daga yau kada in ƙara hawa bencin nan.

A gida na tarar da Baba a kan kekensa, shuɗin yadi ya zubo har ƙasa. Ya saurare ni bai daina taka keken ba, sai da na gama.

"Ɗiyata, mutumin tele ne fa. Ba shi da uwa ba shi da uba, ko salla ba ya yi. Don shi za ki zubar da Dakar?"

"Ba don shi ba ne, Baba."

"To don wa? Matan nan gobe in ruwa ya sauka za su tahi, ba mai tuna sunanki."

"Inna Madina ba ta gani. Abin da na ce mata shi ne abin da ta gani."

"Ni na sayar da keken ɗinkina na biyu na kai ki lise, ba Inna Madina ba." Ya tsinke zare da haƙori. "An hana ki magana, ko? To alhamdulillahi. Ki je ki zamna ki yi shiru. Shiru ba ƙarya ba ne."

Na yi masa alkawari zan yi shiru, kuma da gaske nake.

Ran Alhamis fili ya cika har kan katanga. Kaporal Sumana, wani dogon soja da ya yi 'yan shekaru a lakwal, shi aka ɗora a kan benci. Ni na zauna a tabarmar mata, can tsakiya, na ja gyale na rufe rabin fuskata. Inna Madina ta lalubo ni da muryata tun daga gaisuwa, ta matso ta manne da kafaɗata.

Da farko Kaporal bai yi laifi ba, sai dai murya ɗaya gare shi, da mugu da yarinya duk kamar mai ba da umarnin fareti. Wata mata ta ce, "Kai soja, yarinyar nan mura take yi?" Aka fashe da dariya. Sai Ratsa-Bango ya nutse cikin bango, fili ya yi tsit. Ya buɗe ƙofa daga ciki. Ya ɗaga hannu ya yi wa taron magana.

"Ya ce ku koma gida!" in ji Kaporal da ƙarfi, idonsa a kan Ajidan. "Ya ce hatsin nan guba ne! Ya ce ya yi nadama, mai birni ne da gaskiya!"

A cikin tele mata suna cika kwanduna suna rungumar juna. A filinmu ba wanda ya motsa. Na ji mutane suna juyowa, layi bayan layi, ba tele suke kallo ba. Na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma. Sai na ji an ja bakin zanena.

"Ɗiyata, haka ya ce?"

Da na yi shiru, da ta ɗauka i ne. Ban taɓa barin ta da ƙarya ba, ta san haka, shirun nawa zai ishe ta shaida. Na tuna Baba, na tuna tekun da ban taɓa gani ba.

"A'a, Inna. Ba haka ya ce ba."

"To mi ya ce?"

"Ya ce naku ne. Ya ce ku fara da masu goyo."

Ban ɗaga murya ba, amma ba sai na ɗaga ba. Maganar ta bi tabarma tabarma har bakin katanga, na ji ana juya ta da Zabarmanci. Ajidan ya taka da kansa ya zare wayar batir. Tele ta mutu. Sojoji biyu suka je suka tsaya a ƙofar magaza, na ji ƙarar ƙarfe a hannunsu. Amma ba wanda ya nufi can. Mutane suka zauna jim, sannan suka naɗe tabarminsu, suka ɗauki yaransu da suka yi barci, suka koma bukkokinsu. Ba su da ƙarfin fasa ko ƙofar kara. Inna Madina ta dafa ni ta miƙe tana cewa, "Yaron kirki. Na san ba zai ce haka ba."

Ba a kama ni ba. An mayar da ni wajen dafa kunun yara a bayan zango, daga safe har la'asar a gaban tukunya, hayaƙi a ido. Duk ranar Litinin in wanke in sa rigata ta lise, in ƙetare gada in hau Filato, in zauna a bencin wani biro, ofishin gwamnati, ina jiran a ce mini ko akwai wata hanya. Akawun can ya san ni har yana tambayar lafiyar Baba. Amsarsa ba ta taɓa canzawa ba: a kawo sa hannun shugaban wurin aikina.

Ajidan ya zo wajen tukunya sau ɗaya. Ya tsaya nesa da hayaƙi, hannunsa a baya.

"Ba sai kin yi da yawa ba. Ki hau benci ran Alhamis ki ce ba ki ji Faransancin da kyau ba. Ki ce Kaporal ne da gaskiya. In sa hannu a gabanki."

"Na ji shi da kyau, Ajidan. Na fi Kaporal ji, na fi ka ji."

"Girman kai zai kashe ki, yarinya."

"Wataƙila. Matsa, kunun zai fallatsar maka a kaki."

Baba ya je ya same shi da kansa, da babbar rigarsa ta Juma'a, ya durƙusa wa mutumin da bai kai shi shekaru ba. Ya dawo ba sa hannun, ya hau kekensa ya juya mini baya. Wannan ya fi hayaƙin zafi.

Umarni ya zo daga Filato bayan makonni, aka buɗe magaza, aka raba dawar, rabinta ƙwari sun riga mu. Ruwa ya sauka, aka loda mutanen zango a kamiyo, manyan motocin kaya, aka mayar da su garuruwansu. Ban san ko Inna Madina ta isa ba. Aka ɗauke Ajidan zuwa wani bariki a arewa, takardata tana aljihun taburinsa ba hannu. Wanda ya gaje shi ya ce ba zai shaidi aikin da bai gani ba, sai na sake shekara guda daga farko. Na sake. A waccan shekara tele ta kawo wata mata mai tashi sama da wasu 'yan'uwa masu jikin ƙarfe, yara suka manta da mai gyaran agogo, Kaporal Sumana ya koyi canza murya har ana tafa masa. Ina jiyo su daga bakin tukunya, wadda yanzu yaran unguwa ake dafa wa a cikinta.

Da na sami sa hannun, an riga an ba wani gurbina, kuma bursu ba ya jiran mutum. Yanzu ina koyar da 'yan aji biyu a wata lakwal ta zana a nan Harobanda, da yamma ina sa wa Baba maɓalli, idonsa ya fara rauni. Maganar da na faɗa ba ta ƙara wa kowa ko tiya ɗaya ba. Ba zan zama mai haɗa magani ba. Ban fita daga ƙasar nan ba, ban ga alamar zan fita ba, kuma mahaifina ya durƙusa a banza saboda ni.