Barkar Malam Ƙeya

Yayana malamin aji shida ne a makarantar da ni ma nake koyarwa, bango ɗaya ne tsakanin ajinsa da nawa. Bangon ma bai kai rufi ba, don haka na yi shekaru ina shan darasinsa kyauta, ko ina so ko ba na so. Yara suna kiransa Malam Ƙeya, a bayan idonsa dai. Yana iya juya baya yana rubutu a allo, wani ya yi raɗa a bencin ƙarshe, sai ka ji ya ce, "Ɗan mai faci, in ka gama labarin ka sammana mu ma mu sha," alli kuwa bai tsaya ba. Har rantsuwa yaran suke yi cewa yana da kunne na uku a ƙeya.

Ya ɗan haura hamsin, furfura ta fara cin gefen kansa, ga tsabta, ga taurin kai na gado, don ni ma ban tsira ba. Ba ya zaman hira, ba ya kallon ƙwallo. Abin da ya sa a gaba shi ne matattun rediyoyi. Makwabta su kawo, ya baje cikinsu a kan tebur, ya kara kunne yana murɗawa har su yi tari su farfaɗo. Matarsa ta yi mitar wayoyi da ƙananan kusoshi har ta gaji ta sallama masa ɗakin. Yakan ce mini duk malamin da surutu kawai ya iya bai fara aiki ba, aikin yana wajen jin abin da yaro ya faɗa da abin da ya haɗiye.

Bayan wani zazzaɓi mai zafi da ya kwantar da shi ne na fara lura. Na shiga ɗakin rediyoyin na yi sallama, bai amsa ba. Na same shi ya ɗora tafin hannu a kan wata rediyo da ke ta ihu, yana laluben ko tana motsi.

"Yaya, mu je asibiti," na ce, bayan na zagayo gabansa.

"Ke tafi can. Kunnena ya fi naki, ke da ba kya jin magana tun kina ƙarama."

Ya je daga baya, a ɓoye. Likita ya ce jijiyar ce take mutuwa, kuma ba ta dawowa. Ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa kowa a makaranta ba. Na san abin da yake tsoro. Akwai wani ɗaki a bayan ofishin Hedimasta inda ake tara tsofaffin littattafai da karyayyun benci, can ake ajiye malamin da ya gaza har lokacin ritayarsa ya yi. Yaya ya ce in aka raba shi da aji, to a haɗa da likkafani kawai.

Sai ya koyi karanta leɓe, kuma ya iya sosai. Matsalar ɗaya ce, yaransa ba sa kallon fuskarsa in suna yi masa magana. Shi da kansa ya hore su a kan haka, yaro ya sunkuyar da kai, ya sassauta murya. Yanzu ladabin da ya shuka ya rufe masa hanya baki ɗaya. Ya koma kintace, ya kama kalma ɗaya ya gina sauran, ya rufe da "madalla". Yaran sun gane, ba wawaye ba ne, amma ba wanda ya kai ƙara. Ina jin su ta bango suna ɗaga murya kamar masu talla, abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi.

Akwai wata yarinya a ajinsa, 'Yar Tela, mai ƙoƙari, ba ta da hayaniya. Kowa ya san mahaifiyarta tana da tsohon ciki. Ta yi kwanaki ba ta zo ba. Labarin dalilin rashin zuwanta ya iso ɗakin malamai da baki, ana shan shayi, Yaya yana zaune a cikinmu yana gyaɗa kai, kowa ya ɗauka ya ji.

Ranar da ta dawo, ina tsakiyar lissafi na ji muryarsa ta bango.

"A'a, 'Yar Tela! Ina kika shige?"

Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, amma ajin ya yi tsit har ni na ji. "Mamata ce ta rasu wajen haihuwa, Malam. Ita da jaririn."

"Haihuwa? Kai, madalla! Barka, barka! Ki ce wa Tela ina taya shi murna, Allah ya maimaita mana. Ku tafa mata, ta zama babbar yaya."

Allin hannuna ya faɗi. Wasu 'yan hannuwa suka tafa, don ba a saɓa wa umarnin Malam Ƙeya, sannan suka tsaya. Na ji ƙarar benci, na ga yarinyar ta wuce ta tagata da gudu, ko jakarta ba ta ɗauka ba. Shi kuwa ya riga ya juya ga allo, yana ta bayanin yadda ruwan sama yake samuwa.

Na jira aka fita hutun tara, yara suka watse. Na shiga na rufe ƙofa, na tsaya inda haske yake dukan fuskata. Raina a ɓace yake, na zo da niyyar in wanke shi tas. Da na ga yadda ya zuba wa bakina ido yana murmushi, sai faɗan ya tsere mini. Na faɗa masa a hankali, kalma bayan kalma, abin da ta ce da abin da ya ce.

Bai yi musu ba. Ya zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

"Har na sa aka tafa?"

"Har ka sa aka tafa, Yaya."

Da aka tashi daga makaranta, ya ɗauki jakar yarinyar, na bi shi zuwa shagon mahaifinta. Tela yana zaune gaban kekensa, ba ya ɗinki. Yaya ya durƙusa a cikin ƙyallayen da ke ƙasa, ya yi ta'aziyya, sannan ya faɗi abin da bai taɓa yarda ya faɗa ba, da ƙarfi kuma, don ba ya jin kansa, har masu shagon kusa suka leƙo.

"Ni kurma ne. Na daɗe da kurmancewa, na ɓoye. Wallahi ban ji ta ba."

Tela ya kama hannunsa ya tashe shi, yana cewa ba komai, Malam, ba komai. Yarinyar ta fito daga bayan labule, idanunta sun kumbura. Ta karɓi jakarta, ta yi magana. Yaya ya juyo gare ni.

"Me ta ce?"

"Ta ce gobe za ta zauna a bencin gaba, za ta riƙa ɗaga murya sosai. Ta ce kada ka damu."

Ya juya ya dube ta. Ni kuwa na yi ta addu'a a zuci ya ce to.

"Ki ce mata na gode," ya ce. "Ki ce mata gobe za a kawo musu malamin da yake ji."