Baitin Alhaji Uba

Saminu ya zana kogin Gummi a ƙasa da tsinken tsire, ya ajiye kwalin ashana a tsakiya, ya ce wannan ne kwalekwale. Murfin kwalbar da ya dasa a gaɓa kuma shi ne Alhaji Uba.

"Sun yi kama," in ji Marka.

Gidan talabijin na Sakkwato ne ya turo Saminu, da digirinsa da gemunsa da kyamara ɗaya, ya ɗauki hoton waƙar zabiya Marka da ta cika tashoshin mota daga Gummi har Anka. Waƙar rawa ce ta jita da kalangu, irin wadda iyaye ke zagi suna kaɗa ƙafa. Sai dai gidan talabijin ba shi da mota mai lafiya. Alhaji Uba, dillalin shinkafa, ya ba da a-kori-kura da janareta saboda kishin al'adu, da kuma saboda sunansa yana cikin baiti na uku.

Marka ta yi baitin ne tun Alhaji yana sayen shinkafa kawai. Daga baya ya gano ya fi sauƙi ya mallaki inda take tsirowa. Ya kewaye fadamar bayan gari da waya mai ƙaya, har da ɗan yankin da Innar Marka ta gada. Yanzu Inna ƙodago take yi masa a cikin gonarta. Kaset kuwa bai ji labari ba, yana nan yana kiransa inuwar talakawa.

"Kina cikin kwalekwale, Hajiya," in ji Saminu, yana tura kwalin ashana. "A baiti na uku ki iso gaɓa, ga Alhaji tsaye. Ya ce lallai fuskarki da tasa su fito tare, kada a zaci wani Uban ne. Kuma ba waƙa za ki yi ba. Za mu kunna kaset, ki bi shi da baki."

"In buɗe baki ba murya, kamar kihi?"

"Haka ake yi a Ingila."

"To a cire na ukku."

"In aka cire shi, janareta ya tafi. Akwai wata zabiya a Bukkuyum da ke jiran kyamarar nan."

"A ɗauke ni jikin wayar da ya kewaye gonar Inna da ita."

Saminu ya yi murmushin masu ilimi. "Waya mai ƙaya ba al'adarmu ba ce."

Lazarus, malamin firamare da ke kaɗa mata jita, ya sa baki. "Yaya Marka, ki bi kawai. Ni tun da aka canza taken ƙasa da baki nake bin sa gaban yara, ba wanda ya taɓa kama ni."

Inna tana gefe tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ɗiyata, in kin ɓata mai rai, ni za shi kora."

"Na sani, Inna."

Marka ta daɗe tana kallon murfin kwalbar, sannan ta tambayi Saminu sau nawa za a ɗauka. Ya ce sau ɗaya. Alhaji da kansa ya auna man janareta, kuma Alhaji ba ya auna abu ya yi saura.

Ranar ɗauka Alhaji ya zo cikin farar shadda, ya tsaya inda aka shata masa. Marka ta bi baiti na farko da na biyu, har da juyi, kwalekwale yana tangaɗi. Da ya taɓa gaɓa, muryarta ta fito daga lasifika tana kiran inuwar talakawa. Ita kuwa ta rufe baki gam, ta harɗe hannuwa, ta zuba wa kyamara ido. Alhaji, da yake shi ma kyamarar yake kallo, ya ci gaba da murmushi yana ɗaga wa jama'ar jiha hannu. Saminu ya yi ta buɗe nasa bakin daga bayan kyamara don ya tuna mata, har janareta ya yi tari ya mutu.

A Sakkwato ba su da wani abin sakawa ranar Asabar, sai suka saka. Gummi ta kalla a talabijin ɗin da Alhaji ke fitarwa ƙofar gida. Washegari aka ce wa Inna ta huta.

Tun daga nan, a kowane biki, 'yan mata kan bi waƙar da ƙarfi har baiti na uku, sai su yi tsit su harɗe hannuwa, kaset ya yi yabonsa shi kaɗai.

Inna ta koma sayar da ƙosai a tasha, kusa da mai kaset. Ba ta yi wa Marka maganar ba sai da damina ta faɗi, ranar da ta ga wasu na dashe a gonarta.

"Hoton dai ya yi kyau," ta ce, tana juya ƙosai. "Amma kallabinki ya karkace."