Inda Halliru Yake Katse Baba

Ranar da Halliru ya bugo waya ya ce jirginsa zai yada zango a Dubai na awa bakwai, na ce masa maraba, amma a raina cewa na yi ina ma ya bi ta Alkahira.

Halliru ɗalibin mahaifina ne. Shekara tara muka yi a zaure ɗaya a Zariya, littafin fiƙihu ɗaya a gabanmu. Ni haddacewa nake yi, shi kuwa tambaya. Baba zai fassara layi, kafin ya ja numfashi Halliru ya ce, "Gafarta Malam, to idan ruwan ya canza launi fa?" Sai Baba ya yi murmushi, ya gyara zama, ya zubo bayanin da babu shi a littafi. Ni da na fito daga tsatsonsa ban taɓa samun wannan murmushin ba.

Yanzu Dokta ne a wata jami'a a Ingila, wai yana binciken yadda Yahudawa suke gadar wa 'ya'yansu karatun addini. Innata ta rataye hotonsa da hular digiri a falo. Ni kuwa a shekarar 2012 ina ofishin kago a unguwar Port Saeed, nan Dubai, ina rubuta sunayen 'yan kasuwa a jikin kwali. Kishi nake yi da shi, ba zan ɓoye ba.

Na kai shi wani gidan abinci a unguwar Hor Al Anz da azahar. Ko furfura ba ta rage masa surutu ba.

"Salmanu, ka san abin da na gani a makarantunsu? Biyu-biyu suke zama. Layi ɗaya za su karanta, su yini suna gardama a kai. Malaminsu ya ce mini wanda ya yi karatu shi kaɗai rabi ya samu. Wallahi zauren Malam na tuna."

"Ka bar karatun Baba ka tafi na Yahudawa, yanzu kuma ka tuna zaure?"

Bai ji haushi ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ya ciro 'yar na'urar ɗaukar magana ya ajiye kusa da farantina.

"Babi na ƙarshe a littafina na Malam ne. Tambayoyina duk ina tune da su, amma amsoshinsa sun zube mini. Tun da ya rasu babu wanda ya riƙe su sai kai. Ka karanto mini, da sunanka zan rubuta."

Na dube shi. Shekara ashirin ina jiran ranar da zai nemi wani abu a hannuna. Ga ta ta zo, kuma daɗinta ya fi ƙarfina.

"Khalas, habibi, zance ya ƙare," na ce. "Na manta. Kwali ya cinye mini kai."

Ya daɗe yana kallona. Ya san ƙarya nake yi. Ya mayar da na'urar aljihu, ya ce Allah ya jiƙan Malam, na ce amin. Na sauke shi a filin jirgi, muka yi musafaha sama-sama.

A hanyar komawa ofis cunkoso ya tsayar da ni. Don in ƙara jin daɗin abin da na hana shi, na fara karanto babin tsarki da muryar Baba. Layin farko ya zo sumul, fassararsa ma haka. Sai na kai inda Halliru yake katse shi.

Na tsaya. Na san akwai bayani mai tsawo a nan, har da misalin rijiyar unguwar Kusfa, ina jin sa a bakin harshena. Na koma farko, na sake maƙalewa a wuri ɗaya. Na tsallaka babi na biyu, haka. Ashe duk amsar da na haddace tana rataye ne da tambayarta, ni kuwa ban taɓa sauraron tambayoyin har ƙarshe ba, saboda haushin mai yin su.

Motocin baya suna ta hon. Na lalubo wayata na kira shi. A kashe take, jirgi ya riga ya tashi.

Na bar masa saƙo: "Halliru, bayan ruwan ya canza launi, me ka tambayi Baba?"