Kwafin Baba

Ɗakin injunan kwamfuta Injiniya ta gada daga Baba, tsohon da ya koya mata aiki: sanyi kamar cikin firji, ƙugin fanka, da baƙin allo wanda ba ruwansa da hoto. A nan ko imel za ka aika, sai ka rubuta umarni a layi guda, kowane zaɓi da harafinsa. Kan magana yana bin -s, fayil ɗin da za a liƙa yana bin -a, wanda za a ba kwafi kuma -c. Kowace safiya da wannan layin take tura wa Manaja rahoton lafiyar injuna.

Da Baba zai yi ritaya ya bar mata layin yadda yake, da adireshinsa bayan -c. Ita ma ba ta taɓa shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Manaja ne ya hango adireshin wata rana, shi da ba ya karanta rahoton sai ya rasa abin yi.

"Rahotonmu yana fita waje? Ki cire wannan yau."

Gaskiyarsa ce, ita ma ta sani. Ta goge -c da adireshin, ta ci gaba da aikinta.

Ba a rufa mako ba matar Baba ta kira ta da hantsi.

"'Yata, lafiya kuwa wajenku? Babanki ya sa takalmi tun safe, yana zaune bakin gado, wai sai an kai shi ofis. Wai injuna sun mutu kuna ɓoye masa."

"Takalmi, Mama? Shi da ƙafar ba ta ɗaukarsa?"

"Ai shi ne. Tun da ɓarin jikin nan ya shanye, saƙonki ne karin kumallonsa. Sai ya gan shi yake yarda ya sha magani. Yanzu ko ruwa sai da faɗa."

Kunya ta kama Injiniya. Ita duk a zatonta mantuwa ce ta tsufa ta bar adireshin nan.

Mayar da -c ba zai yiwu ba, Manaja ya hana kuma da hujjarsa. Sai ta rubuta sabon layi daban: adireshin Baba shi kaɗai, babu -a, bayan -s kuma ta sa "Injuna lafiya lau, Baba." Ta danna, ta zauna tana kallon wayarta.

Can sai ga Mama ta sake kira.

"Ya gani. Ya ce wai kin manta abin liƙawa, ba haka ya koya miki ba."

"Takalmin fa, Mama?"

"Ya cire. Ga shi ma ya ce in miƙo masa ruwa, a ba shi maganinsa."