Gilashin da Malami Ya Share

Wata Talata ce ta bazara, a shekarun da ake ginin madatsar Bakolori, rana ta take tun hantsi. Zubairu Tela na bisa kekensa zai shiga kasuwar Mafara, sai ya iske maƙwabcinsa Malami Direba tsugune a tsakiyar titi yana share fasasshen gilashi da reshen sabara. Akori-kurarsa an riga an tura ta gindin wata bishiyar bedi, ƙofa a lotse. Tifar kamfani na tsaye can gaba.

"Subhanallahi! Malami, ka bari 'yan sanda su zo su auna mana!"

"Su auna mi? Ba ka ga mutane na tahowa kasuwa ba takalmi? Kawar da cuta daga hanya sadaka ce."

Ko da 'yan sanda suka iso, titi fes, ba abin aunawa. Direban tifa ya ce Malami ne ya faɗo masa. Haka aka rubuta.

Bayan wata guda takarda ta zo daga ofishin inshora na Sakkwato. Zubairu, da yake shi ya ɗan taɓa boko, ya karanta masa a zaure: za su biya gyara, amma naira tamanin na farko daga aljihun Malami za su fito, tunda laifin nasa ne.

"Sake karanta wurin nan."

Ya sake.

"Shekara ashirin da shida ina tuƙi, ko kazar wani ban taɓa takewa ba. Kuɗi dai na biya. Amma wagga magana ta laifi, Zubairu, ba ni shiga kabari da ita."

Dama akwai tsohon ciwon ƙirji da ke cin sa. Kafin ruwan farko ya sauka ya kwanta. Zubairu ya rufe shago ya tafi Sakkwato har sau biyu. Akawun ofishin ya ce ba su aiki da rantsuwar mai mota, sai an kawo shaida.

"Akwai wani Bafillace da ya kama mini turin mota," in ji Malami. "Gidaɗo, na wajen Dakko."

Gidaɗo kuwa ya yi kudu da shanu, sai damina. Zubairu ya riƙa duban gabas kamar manomi, yana kuma duban yadda wuyan Malami ke ƙara ramewa. Ranar da ya ji labari shanu sun dawo, ya hau keke, ya ratsa taɓo har ruga.

"Dattijon nan mai shara?" Gidaɗo ya yi dariya. "Ina tsaye tifa ta baro hannunta ta same shi. Ni nan na ce mishi ya bar gilashin, ya ce in kama tsintsiya ko in kama bakina."

Suka tafi Sakkwato tare, Gidaɗo ya faɗi abin da ya gani, ya dangwala yatsa.

Takarda ta biyu ta zo ana tsakiyar noman farko. Zubairu ya yi sallama har ɗaki. Safara'u, matar Malami, ta tada mijinta ta jingina shi da bango.

"Mi sunka ce?" in ji Malami.

"Sun ce direban tifa ya amsa. Laifin nasa ne, ba naka ba. Za su maido naira tamanin ɗinka."

"Sake karanta wurin nan."

Ya sake, a hankali. Malami ya lumshe ido yana murmushi.

"To, sarkin shara, an wanke ka," in ji Safara'u. "Sai ka sha kunun nan."

"Gobe ma in na ga gilashi sai na share," ya ce. Ya shanye ludayi uku, har ya nemi ƙari.

Ranar Alhamis bayan azahar ya cika. Direbobin tasha suka ajiye motoci suka ɗauke shi a kafaɗa. Kuɗin sun iso bayan sadakar bakwai, Zubairu ya miƙa wa Safara'u.

Abin da aka rasa bai da wuyar ƙirga: gilashi ɗaya, ƙofa ɗaya, aikin wata huɗu, da Malami. Takardar na nan ninke a aljihun motar, motar kuma a ƙofar gida, ruwan sama na sauka bisa sabon gilashinta.