Takalmin Kabad

Malam Badamasi ya ari takalmin makaranta ranar Litinin.

A firamaren da yake koyarwa, can wajen Gude, babu malamin da ke zuwa aiki da sau-ciki. Wanda zai ratsa gonaki da damina, ya wuni tsaye gaban allo, ya yi alwala kafin a tashi, silifan roba ne daidai da shi. Amma akwai wani baƙin sau-ciki a kabad ɗin hedimasta, wani malami da ya yi ritaya ne ya bar shi. Duk wanda aka kira ganawar ƙarin girma shi yake ɗauka. Mutum huɗu sun sa, huɗun sun samu. Shi kuwa Badamasi shekara tara ke nan yana mataki ɗaya. Sau biyu yana zuwa da silifansa, yana dawowa yadda ya je.

Hedimasta, Malam Jalo, ya dubi takalmin, ya dubi ƙafar. Ya ce takalmin lamba arba'in da biyu ne, ita kuwa wannan ƙafa ta wuce lamba, sai dai a auna ta da igiya kamar gona. Badamasi bai yi dariya ba.

Washegari matarsa Uwaliya ta shafe masa dunduniya da man gyaɗa, ta kawo cokali. Da cokalin aka tura ƙafar farko.

"Malam, ko a kira maƙwabta su kama mana ta biyun?"

Ya ce ta yi abin da ke gabanta. Da ya miƙe ya taka, ta ce Allah ya ba da sa'a, amma ko akuyar da aka yi wa dabaibayi ta fi shi sauri.

Ɗan acaɓa ya kai shi Kabo. A motar Gwarzo aka ɗora masa buhun barkono a kan ƙafa. Kafin su yi rabin hanya yana jin bugun zuciyarsa a babban yatsa. Wata dattijuwa da ke gefensa ta ga gumi na zuba, ta tambaya ko asibiti za shi. Ya ce a'a, malamin makaranta ne.

A ofishin ilimi ya yi awa biyu a kan benci. Ko ruwa bai sha ba, don kada ya nemi sabuwar alwala. Ya bi ƙafafun 'yan layi da kallo: wannan fade, wancan kambas, wani ma silifa. Ya tausaya musu.

Aka kira sunansa. Ya bi baranda a hankali, ya sha kwana, sai ga takalma jibge a bakin ƙofa kamar na masallacin Juma'a. Masinja, wani tsoho mai furfura, ya tare shi da hannu.

"Malam, a tuɓe. Sabon kafet ne, jiya aka shimfiɗa."

Badamasi ya leƙa. Mutum uku ne a bayan tebur, duk ba takalmi. Ya ji danshi a dunduniyar hagu, ya san ta fashe. Bai taso daga Gude don ya nuna wa manya faso da man gyaɗa ba.

Masinja ya rage murya ya ce sau ɗaya ake kiran mutum a nan, in ya wuce sai baɗi, kuma akwai mutum goma sha ɗaya a bayansa. Shugaban ganawar ya ɗago kai daga takarda, ya ɗaga ƙafarsa ɗaya daga ƙarƙashin tebur yana murmushi.

"Shigo mana, Malam Badamasi. Ka ga duk haka muke."

Badamasi ya gyara hula, ya haɗa ƙafafu a daidai dokin ƙofa, inda kowa zai gan su.

"Ranka ya daɗe, ku yi tambayarku daga nan, ina ji. Takalmin nan ba zan cire shi ba."